Hatimina Ba Zai Hau Takardar Kurahashi Ba

Uzumasa, Kyoto
3 ga Yuli, 1968

Zuwa ga ɗana Shinpei,

Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifiyarka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Fumie da jikana Noboru. Kowace safiya idan na ajiye wa marigayi babanka shinkafa da ruwa a gaban hotonsa na kunna masa turare, sai na roƙa muku lafiya da rufin asiri a wannan Tokyo taku. Mu nan kalau muke, in ban da gwiwata da ruwan bana ya tayar. Ƙanwarka Kayo ta ce in kawo ta rubuta mini, na hana. Na san halinta, duk inda na yi zafi sai ta zuba masa ruwa. Don haka ka yi haƙuri da karkataccen rubutun wadda ta fara riƙe alƙalami tana da shekara hamsin da uku.

Maigidanka Kurahashi Seijuro ya zo gidan nan ranar Larabar da ta wuce, kuma na lura ba kai ka tuƙo shi ba. Motarsa ta toshe lungu, matan unguwa suka fito kallo, har tsohuwar nan mai sayar da awara tana cewa ashe har yanzu da kyansa. Na ce mata hoda ce, ni da na shekara ashirin ina wanke wuyan rigunansa a kamfanin fim na san abin da ke ƙasa. Ya durƙusa gaban hoton babanka ya share ido, ya juyo da gefen hagu, wanda ya fi yi masa kyau a kyamara. Sannan ya turo mini kwalin alewa da wata takarda. Wai ya tsufa ba magaji, zai ɗauke ka ɗa, ka fita daga rajistar gidanmu ka shiga tasa, ka amsa sunansa, ka gaji gidansa da kula da kabarin iyayensa. Wai kun kusa gama magana, hatimina kawai ake so a gurbin shaida. Shinpei, a bakinsa zan ji wannan?

Kai jarumin allo ka sani, ni mutumin na sani. Jirgi ɗaya ya kawo su garin nan shi da babanka Genzo, kwanon taliya ɗaya suke rabawa. Shi aka ga fuskarsa aka ba shi takobi, babanka aka sa shi cikin waɗanda ake sarewa. Ka san ƙa'idar aikin: wanda aka sara sai ya faɗi da bayansa ga kyamara, don kada ya tare fuskar jarumi. Babanka ya mutu a hannun abokinsa ya fi sau ɗari biyar, ba wanda ya taɓa ganin idonsa. Tsallen nan daga kan rufi da har yau ake yabon Kurahashi da shi, babanka ne ya yi, a nan ƙugunsa ya karye. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya goya Genzo zuwa asibiti. Amma ta ƙofar baya ya fita da shi, washegari kuma ya naɗa bandeji a lafiyayyar ƙafarsa 'yan jarida suka ɗauki hoto. Shekara goma sha huɗu babanka yana ɗingishi, da na buɗe baki sai ya ce in bar Sei, haka yake kiran Kurahashi, abokinsa ne. Ranar jana'iza abokin bai zo ba, furanni ya aiko, sunansa a jiki ya fi na mamacin girma.

Kuma wa ya taɓa zama kusa da shi ya tashi da mutuncinsa? Daraktan da ya ɗaga shi, a gaban ma'aikata ya mare shi. Yarinyar nan da suka fito tare a finafinai bakwai, da jarida ta fallasa su ita aka kora, shi aka ƙara masa masoya. Da yake cewa ba shi da magaji, ka tambaye shi ina ɗan cikinsa. Magana ɗaya yaron ya faɗa wa wata mujalla game da yadda aka yi da uwarsa, ya yanke shi kamar bai haife shi ba. Yana son ka ne saboda ya ga ka gaji shirun babanka da sunkuyar da kansa, ba don komai ba.

Na mayar masa da takardarsa na ce, "Sei, tun kana da ƙwarƙwata a kai na san ka. Ka ci bayan Genzo, ka ci ƙugunsa, yanzu ɗansa ne ya rage maka a faranti?" Ya yi dariya ya ce har yanzu bakina bai mutu ba. Da zai sa takalmi sai ya ce ladabi ne ya kawo shi, doka ba ta neman hatimina, kowaɗanne baligai biyu sun isa shaida. Na je ofishin gunduma na tambaya, gaskiya ya faɗa. Tun ranar na gane ba ni da ikon hana komai. Kai kaɗai ke da shi.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarar da na iya karatu aka sake haska fim ɗin tsallen rufi. Na je ni kaɗai, ba don kallo ba, don in karanta sunayen da ke fitowa a farko. Na zauna aka haska sau biyu ko na tsallake. Har mai kula da dawakai an rubuta, babu Tanemura Genzo. Wuri biyu kawai sunansa yake a duniya: kan dutsen kabarinsa, da rajistar gidanmu, inda nake bi da yatsa in ga naka ya fito daga nasa. Kayo ta tafi da sunan mijinta. Idan ka tafi kai da Noboru, idan na kwanta dama wa zai wanke dutsen nan? Na san kana duba gaban yaron, na kuma san tuƙin mota ba gado ba ne. Amma ka je ka tsaya gaban kabarin wasu kana zuba ruwa, na ubanka ciyawa ta rufe?

Ka gaida Fumie, ka ce mata na san tana da hankali, ta karanta wannan ita ma. Ka shafa mini kan Noboru. Kayo da mijinta suna gaisuwa. Alewar tana nan ban buɗe ba, in ka zo ka mayar masa. Ranar sha uku ga Agusta, da ruhohin mamata ke dawowa ziyarar gida, zan kunna wuta a ƙofar gida don babanka ya gane hanya, kamar kowace shekara. Ka zo, ko ka rubuto kafin nan, don in san ɗan wa zan ce masa ya iso.

Mahaifiyarka,
Tanemura Shige