Mama ta koma bakin murhu

Laraba da dare, Samaru.

Yau da na tashi daga makaranta na hau keke napep zuwa Sabon Gari in duba Mama. Tun daga bakin layi na hango hayaƙi a ƙofar gidanmu, gabana ya faɗi. Ga ta nan zaune a bakin murhu tana suyar ƙosai, tana tari har idanunta na zubar da ruwa.

Shekaranjiya fa muka dawo daga asibiti a Shika. Nas ta zaunar da mu, ta ce hayaƙin itace ya riga ya cinye huhun Mama, ba zai koma kamar da ba, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ta koya mata yadda za ta shaƙi maganinta ta riƙe numfashi, da yadda za ta tsuke baki ta fitar da iska a hankali in ƙirjinta ya toshe. Mama ta yi ta cewa to. Ni har rubutawa na yi.

Na ce, "Haba Mama, ba an ce ki bar wuta ba?"

Sai da ta huta sau biyu kafin ta ƙarasa magana. "Rahila, shekara talatin ina nan wurin. Kwana biyu na yi a ɗaki, ko mutum ɗaya bai kira sunana ba."

Na karɓi cokalin na ƙarasa mata suyar, tana gefe tana gaisawa da masu saye, hayaƙin na bin mu duka biyu.

Gobe ina da aji ƙarfe takwas. Na san kafin in tashi ta hura wutar.