Ƙwayoyin Surukata da Cikin da Ban Isa In Furta Ba

Anti Nakazwe, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Shekarata uku da aure, ina zaune a Kasama tare da surukata, Bana Kangwa, wato uwar Kangwa. Mijina Kangwa yana aikin haƙar tagulla a Solwezi, sai bayan wata biyu yake leƙo mu. Yau kwana huɗu fitsari yake ƙona ni kamar an barbaɗa barkono. In ruga da gudu, ɗigo biyu, shi ke nan. Kafin in wanke hannu wani fitsarin ya sake matsa ni. Marata kuma ba ta daina ciwo.

Ga abin da ya sa na rasa inda zan sa kaina: ina da ciki, ya shiga wata na uku, kuma ban da Kangwa babu wanda na faɗa wa. Kin san al'adarmu, cikin fari ba a furta shi sai babbar mace a dangi ta zo ta guntsi ruwa ta fesa wa mai cikin, sannan baki ya buɗe. Gwaggona da za ta yi mini tana Mporokoso, ba za ta iso ba sai nan da mako uku. 'Yar ƙanwar mamata ta yi suɓul da baka kafin a yi mata, cikin ya zube, har yau ita ake nunawa da baki wai surutunta ne ya jawo. Shekara uku ina jiran wannan ciki, Anti, ba zan iya ɗaukar irin wannan ba.

Surukata ta lura da zaryar da nake yi bayan gida. Ran Laraba ta sauko da tsohon gwangwanin madarar da take tara allura da maɓallai, ta zaro ƙullin leda. Ƙwayoyi ne guda tara, kowace rabinta ja rabinta rawaya, babu kwali babu suna. Wai ragowar na marigayi mijinta ne, in sha biyu da safe biyu da yamma, wai su suka warkar da shi. Anti, mutumin da ake cewa sun warkar yana kabari tun bara!

Ni dai raina bai kwanta ba. Matar nan shekara uku tana yi mini habaici, in ta ga kaza da 'yan tsaki sai ta ce ko dabba ta san abin da ya kawo ta gida. Yanzu kwatsam ta yi laushi. Ta hana ni ɗaukar bokitin ruwa. Suyar ƙananan kifin kapenta da take yi a ƙofar ɗakina ta mayar da ita can bayan gida. Ina cin tuwo tana satar kallona. Me ta sani? In ta gane ina da ciki, don me za ta ba ni maganin da ba shi da suna, ta kuma tsaya a kaina sai ta ga na kai baki? Na yi kamar na haɗiye, na ɓoye a bakin zani. Ita a lissafinta na sha huɗu.

Asibitin unguwarmu kuma ma'aikaciyar jinyar da ke can, Sista Chisanga, bencinsu ɗaya da surukata a zumuntar matan coci. In na faɗa mata da safe, ina jin kafin a kaɗa ƙararrawar yamma labari ya zaga. Na kira Kangwa, dariya ya yi, wai uwarsa ce fa ba mayya ba, in sha in huta. Shi da ke can nesa me ya dame shi.

Ciwon yana ƙaruwa, har na fara tunanin ko in sha ɗin. Ko in daure har gwaggo ta zo? Tsoro nake ji ƙwarai.

Mai Ƙulli a Bakin Zani, Kasama

*

'Yata Mai Ƙulli,

Kada ki sha ko ɗaya, kuma kada ki jira mako uku. Ki shirya ki tafi asibiti yau.

Ƙwayar da ba ta da kwali babu wanda ya san mece ce, ko ta lalace ko ba ta lalace ba. Cikin irin waɗannan magunguna akwai masu cutar da ɗan da ke ciki. Ko da a ce ba ta da illa, an ba wani mutum ne don wani ciwo daban, kuma guntuwa ce, ba cikakken magani ba. Tana iya kwantar da zafin kwana biyu, cutar ta dawo da ƙarfinta ta daina jin magani. Jira ma haɗari ne. Ciwon fitsari ga mai ciki yana iya hawa zuwa ƙoda, ya taɓa cikin da kike ƙoƙarin karewa. Za a gwada fitsarinki a ba ki wanda ya dace da mai juna biyu, ki sha yadda aka ce har ya ƙare. Ki yawaita shan ruwa, amma ruwa ba magani ba ne. In kin ji zazzaɓi, sanyi na kaɗa ki, ciwon kwiɓi ko amai, ko kin ga jini, ki bar duk abin da kike yi ki tafi nan take. Ki tafi da ƙwayoyin ki nuna musu.

Zancen Sista Chisanga, aikinta ya hana ta fitar da sirrin marar lafiya, ki tuna mata da bakinki. In zuciyarki ba ta ba ki ba, ki hau mota zuwa babban asibitin gari inda ba a san ki ba. Amma duk wadda kika samu, ki fara da gaya mata kina da ciki. Ki kira gwaggonki ki ce ta matso da tafiyarta, ki kuma ce wa Kangwa wannan ba abin dariya ba ne.

Surukarki kuwa, ban raina habaicin shekara uku ba, yana da ciwo, shi ya sa kome ta yi sai ki ga baƙinsa. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Matar da ta kwashe kaskon suyarta ta koma bayan gida don kada ƙarni ya tayar miki da zuciya, ta ƙwace miki bokiti, ta daɗe da gane kina da ciki. Al'adar da ta rufe bakinki ita ta rufe nata. Ban ga zuciyarta ba, amma abin da na fi zato shi ne ta ba ki abin da take ganin ya fi daraja a gwangwaninta, ba ta san haɗarinsa ba. Ki gaya mata gaskiya cewa ba ki sha ba, kina so likita ya duba ki tukuna, ki roƙe ta ta raka ki. Ba sai kin furta kome ba. In ta ɗauko mayafinta, kin sami amsarki.

Iyayenmu sun ce a yi shiru ne don ɗan ya rayu. Kada ki yi shirun da zai sa gwaggo ta iso da ruwanta ta tarar babu cikin da za ta fesa wa. Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lami lafiya.

Anti Nakazwe