Hasken Sola a Layinmu

Garwa, Kamaru
Maris, 2016

Yaya Kaumi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya Zahra da yara? Ni lafiya lau, ɗinki yana tafiya, barci ne kawai bai dawo mini daidai ba tun gudun da muka yi daga Mubi.

Mato direba ya kawo saƙonka, cewa mutanen layinmu na Kolere za su haɗa hannu a sa sola. Na ba shi kasona, amma Yaya, gabana faɗuwa yake yi. Idan gari ya yi duhu, layinmu kaɗai ke haske, ba mun nuna wa mutanen daji hanya ba ke nan? Don Allah kada a sa fitila a waje.

Abu ɗaya ya sa na yarda. Ranar da suka shigo Mubi muka rabu, na yi ta kiran Inna wayarta ba caji, har na fidda rai da ita. In an gama aikin, wayarta za a fara jonawa. In na kira, a ɗauka.

Allah Ya tsare mini ku.

Ƙanwarka,
Zenaba