Sunan Baba Audu Ba Ya Cikin Faifan

Kurfi, daren Laraba, kaka ta 1963

Faifan Haladu mawaƙi ya iso daga Kano. Na kai garmahona, na'urar sa faifai, rumfar mai shayi, kasuwa ta taru.

Ashe faifai ba dandali ba ne. A dandali Haladu sai ya kwana yana kiran sunayen mutane; nan kuwa kafin shayi ya huce waƙa ta ƙare. Su wa ya kira? Attajiran Kano! Ko ni da na ara masa rigar tafiya bai ambace ni ba. Samari na ta ihu wai ya fi kowa. Mahauta suka ce muryarsa ta koma ta akuya, na ce gaskiyarsu.

Sai ga Baba Audu, wanda ya koya masa waƙa, ya tako tun daga Barkiya.

"Malam, ina sunana?"

Na san babu. Na ce, "Yana ɗaya gefen, Baba." Na juya faifan, ya kasa kunne har waƙar ta ƙare.

"Ko dai ban ji da kyau ba?"

Na sake sa masa. Ya daɗe yana cika mana baki da yaron nan. Gobe ma in ya dawo, zan sa masa.