Madubin ɗakina ya nuna mini sirrin ƙanwar mijina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wa zan faɗa wa.

Ƙanwar mijina kurma ce, tana hannuna tun da na tare. Kwanakin baya ta daina walwala, sai makarantarsu ta haɗa ta da wata malama mai ba da shawara, suna magana da hannu ta bidiyo a waya. Aka ce a ba ta wuri ita kaɗai. Na bar mata ɗakina, na koma falo da littafina. Ban rufe ƙofa ba, a ganina ai maganar hannu ba ta da sauti. Na manta da madubin gaban gado, na kuma manta ni ma na koyi yaren saboda ita.

Ina ɗaga kai na hango yarinyar a madubin ta buɗe tafukanta kamar littafi. Sunana ke nan a wurinta, don kullum da littafi take ganina. Gabana ya faɗi, domin a labaran da nake karantawa, a nan ne ake gano matar yaya muguwa ce. Na kasa ɗauke ido. Ashe cewa take ni kaɗai ce mai hira da ita a gidan, tana tsoron in na haife cikin da nake ɗauke da shi jariri zai cika mini hannu, in daina yi mata magana. Na yi kuka, amma wallahi na ji sanyi a raina. Yanzu yayanta ya matsa in gaya masa damuwarta. In faɗa? Ita kuma in nuna mata na gani?

Mai son karatu

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, yarinyar nan sonki take. Sai dai ga kurma, kallo shi ne laɓe, ko da ba da gangan ba. Yayanta yana da gaskiyar damuwa, amma kada ki kai masa. In da haɗari, malamar ce za ta neme ku. Ki gaya wa yarinyar kin gani, ki ba ta haƙuri, ita za ta zaɓi wanda zai ji. Ki roƙi malamar ta riƙa tambayar wa ke iya hangowa kafin su fara. Ki rufe ƙofa, ki yafa wa madubin mayafi. Sannan ki tanadi zanen goyo, ki nuna mata: jariri a baya, hannu biyu nata ne. Allah ya sauke ki lafiya.