Wayar Nan Ta Fita, Baba

Baba,

Na wuce Gangara kafin ku dawo daga sallar roƙon ruwa.

Kwamfutar ƙungiyarmu ta tashi! Wayar nan mai faɗin kai da ta maƙale a allon cikinta, wadda ta gagari Malami jiya har ya ce sai an kai Sakkwato, na cire ta. Ashe wani ɗan maƙalli ne a gefe ya riƙe ta. Na danne shi da askarku, na yi ta girgiza wayar a hankali, sai na ji ƙwas! Ku yi haƙuri, bakin askar ya karye. Na jona sabon akwatin wutar, nan take fanka ta juya.

Sunayen masu karɓar tallafin gero duk suna nan, ko gida ɗaya bai ɓace ba. Na buga su a takarda. Direban motar hatsin da ke jira a Gangara ya ce in bai gan ta ba kafin azahar, gaba zai yi da kayan, don haka za ni kai masa da kaina.

Ku biya ku gaya wa Gwaggo Mairama ta daina kuka. Sunanta ne na uku, ta nemo buhu.

'Yarku,
Kubura