Takunkumin Akuyar Inna

Daren Alhamis, Badariya

Yau ɗiyata Hadiza na kakkaɓe tsohuwar jakata ta tsinci wata 'yar igiya, ta ce, "Baba, wannan fa ta mi ce?" Na yi dariya har da hawaye.

Shekarar korona ce. Tari ya kama ni, sai na ji a rediyo wai mutum na iya shafa wa dabbar gida cutar. An ambaci kyanwa da kare, ni kuwa da ajina huɗu na firamare na ƙara akuya a lissafin. Hankalina ya tashi, don kullum in na fasa goro da haƙori sai na miƙa wa akuyata Goggo rabi. Ita kaɗai Inna ta bar mani, a kan cinyata na ɗauko ta daga Argungu bayan sadakar bakwai.

Na yanki hannun tsohuwar rigata na ɗinka mata takunkumi. Uwar Hadiza ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, mu da muke shaƙar tarinka ba ka ɗinka muna ba, sai akuya?"

Na ce, "Ku in kun ji ciwo kuna faɗi. Ita fa?"

Kafin la'asar Goggo ta cinye takunkumin, igiyar kawai ta rage. Ko atishawa ba ta yi ba. Tsufa ne ya ɗauke ta bara.

Ɗazu na fasa goro, na tsinci kaina riƙe da rabin, ina duban turkenta.